Wasiƙa Daga Dubai: Yadda Na Zaɓi Makunnan Allon Rubutuna



 Ina gaida Hajiya da kyau, da su Yaya da iyalansu, da Kawu, da mutanen zaure baki ɗaya. Mu a nan sai godiya, aiki muke ta fama da shi.

Tun da labari ya iso gida cewa na zauna na harhaɗa allon rubutun kwamfuta da hannuna, wato kibod, tambayoyi suka yi ta zuwa. Yaya Babba ta ce ko na bar aikina na koma gyaran rediyo ne. Wasu abokai suka ce zaman Dubai ne ya sa na fara neman inda zan zuba kuɗi. Autanmu ne kaɗai ya yi tambayar da ke buƙatar doguwar amsa, domin shi ma da yatsunsa yake ci, yana buga wa ɗaliban Jami'ar Bayero takardun kammala karatu. Ya ce in ya tashi sayen irin wannan allo, wane irin maɓalli zai nema? To Auta, ga amsarka, sauran jama'a kuma ku yi haƙuri ku saurara, wataƙila a dace.

Inda nake da abin da nake yi

Sai na fara da wurin zamana, domin shi ya yanke rabin hukuncin. Unguwarmu, Dubai Investments Park, wadda kowa ke ce wa DIP, ta sha bamban da Dubai ɗin da kuke gani a hotuna, haka kuma da Deira inda 'yan kasuwarmu na Kantin Kwari ke sauka su yi sari. Tana can bayan Jebel Ali, kusa da filin jirgin sama na Al Maktoum da filin da aka yi baje kolin Expo 2020. An kafa ta a 1997 a kan fili mai faɗin hekta 2,300, kuma abu uku aka haɗa a cikinta: masana'antu da manyan sito-sito na ajiyar kaya, da ofisoshi, da gidajen kwana. In gari ya waye manyan motoci ne ke ta shiga da fita da kwantenoni.

Aikina a ofishin ɗaya daga cikin waɗannan sito-sito shi ne shigar da bayanan kaya. Kowace kwantena tana da lambarta, haruffa 4 da alƙaluma 7, kuma alƙalami ɗaya in ya kuskure, takarda ta ɓaci, kaya su yi ta zama a tashar jiragen ruwa, mai kaya yana biyan kuɗin jira. Haka nake wuni ina danne-danne. Da dare kuma, kamar yadda kuka ɗora mini a taron gida, ina kwafe littattafan nan huɗu da marigayi Baba ya cika da hannunsa, na tarihin gidanmu da fataucinsa zuwa Maraɗi da Agadas, kafin tawada ta gama dusashewa.

A ɗaki mu uku ne. Ɗaya daga cikinmu, wani bawan Allah mutumin Kerala ta ƙasar Indiya, motar masana'antarsu tana ɗaukarsa tun kafin asuba, saboda haka ana idar da sallar isha'i yake kwanciya. Daidai lokacin ne ni kuma nake buɗe littafin Baba. Tsakanin teburina da kan gadonsa bai kai taku biyu ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Abin da ke ƙarƙashin maɓalli

Allon da aka saba gani a ofisoshi da shagunan intanet, in ka ɓalle maɓallansa za ka tarar da shimfiɗar roba guda ɗaya mai ƙananan ƙoƙuna a kife. Sai ka danna maɓalli har ƙasa, ƙoƙon ya lotse, sannan harafi ya fito. Yana sabo ba laifi. In ya kwana biyu roba ta gaji, wani harafin ya fito wani ya ƙi, sai mutum ya koma dukan allon da ƙarfi ba tare da ya ankara ba. Ni dai a irinsa na fara jin yatsuna suna tsami da yamma, har wuyan hannu ya fara amsawa.

Shi kuwa allon da nake magana a kai, kowane maɓalli da ɗan injinsa a ƙarƙashi, wanda masu harkar ke kira suwic, ni kuma zan kira shi makunni. Abu huɗu ne a cikinsa: kwanson roba mai tauri, da 'yar sanda mai hawa da sauka wadda ake ɗora hular maɓalli a kanta, da sifirin mai mayar da sandar sama, da wasu siraran ƙarafa biyu. Sanda na sauka, ƙarafan nan su haɗu, wuta ta wuce, harafi ya fito. A ƙirar da ta fi yaɗuwa, tafiyar maɓalli daga sama zuwa ƙasa milimita 4 ce, amma harafi yana fitowa tun a milimita 2. Wato ba dole ne ka kai ƙasa ba. A nan sauƙin yatsu yake.

Wannan ƙira ta kamfanin Cherry ce, wanda aka kafa a Amurka a 1953, daga baya ya koma Jamus. A 1983 ya fito da makunnin da ake kira MX, mai kan sanda kamar alamar tarawa a lissafi. Da wa'adin kariyar ƙirar ya ƙare, kamfanonin China irin su Gateron da Kailh da Outemu suka shiga yin nasu a kan awo ɗaya, farashi ya sauko, iri-iri suka cika kasuwa. Shi ya sa yau hular wannan kamfani takan hau makunnin wancan.

Iri uku

Duk yawansu, gida uku suka kasu. Na farko mai santsi, irin su Cherry MX Red: daga sama har ƙasa ba abin da yatsa zai ji, sulu kawai. Masu wasannin kwamfuta sun fi son sa. Na biyu mai ƙara, irin su MX Blue: an sa masa wani ɗan abu a ciki da ke cewa ƙas duk lokacin da harafi ya fito. Wanda ya taɓa wucewa ta bakin kotu zamanin masu tafireta ya san irin wannan kiɗa, haka wanda ya taɓa amfani da tsohon allon IBM Model M na 1985, ko da yake shi sifirin ɗinsa ne ke lanƙwashewa ya ba da ƙarar.

Na uku shi ne mai tudu. A jikin ƙafafun sandarsa akwai ɗan ƙusumbi. In sanda tana sauka, ƙusumbin yana gogar siririn ƙarfen nan, sai yatsa ya ji kamar ya hau ɗan tudu ya gangara. Wannan gangarawa ita ce shaidar cewa harafi ya shiga. Mai ƙara yana gaya wa kunne, har da kunnen maƙwabci. Mai tudu kuwa yatsa kaɗai yake gaya wa.

Da na auna halin da nake ciki, biyun farko suka fita da kansu. Mai ƙara zai hana bawan Allah barci, ga shi gobe zai tsaya gaban inji awa da awanni, kuma haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne. Mai santsi kuma, ga wanda idonsa ke kan takarda ba kan allo ba, yatsa na iya gogar maɓalli harafi ya shiga bai sani ba. Ni idona a kan rubutun Baba yake, ko a kan takardar kwantena, don haka ina buƙatar yatsana ya zama shi ne mai ba ni labari. Sai mai tudu.

Tudu ma suna suka tara

Mutum zai ɗauka magana ta ƙare, ashe yanzu aka fara. Masu tudu ma iri-iri ne, kuma abu huɗu na lura sun bambanta su.

Na ɗaya, girman tudun. Wanda kowa ya sani shi ne MX Brown, da aka yi a farkon shekarun 1990 bisa buƙatar kamfanin Kinesis mai ƙera allunan da ba sa wahalar da hannu. Tudunsa ƙarami ne ƙwarai, har mai saurin bugu yakan wuce shi bai ji ba. Yayansa MX Clear ya fi shi tudu da nauyi. A 'yan shekarun nan kuma masu sha'awar abin suka fito da masu babban tudu. Akwai Holy Panda, wanda asalinsa wasu ne suka ciro sandar wani makunni mai suna Halo suka sa a kwanson wani mai suna Panda. Akwai Zealios, da Durock T1, da Boba U4T.

Na biyu, inda tudun yake. A Brown sai maɓalli ya ɗan sauka kafin a tarar da shi. A irin su Boba, kana taɓawa tudu ne ya tare ka tun daga sama, sai ka tura ya faɗa gaba ɗaya. Amfanin na biyun shi ne, in yatsa ya gogi maɓallin kusa bisa kuskure, ba ya motsawa.

Na uku, nauyin sifirin, wanda ake aunawa da giram. A nan sai an lura, domin kamfanoni ba abu ɗaya suke aunawa ba. Wasu suna rubuta nauyin da harafi ke fitowa, wasu nauyin da ake haye tudu, wasu kuma nauyin da maɓalli ke kai wa ƙasa. Alal misali Brown, harafi na fitowa a wajen giram 45, amma haye tudunsa na buƙatar kimanin 55. Boba kuwa da aka rubuta 62 ko 68, nauyin kai wa ƙasa ake nufi. Wanda ya jera lambobin nan kawai ya kwatanta, ya kwatanta mudu da tiya.

Na huɗu, ƙara. Mai tudu ba ya cewa ƙas, amma in sanda ta bugi ƙasan kwanso, ko ta dawo ta bugi samansa, ana jin ƙwas-ƙwas. Saboda haka aka yi wasu da 'yan ƙananan robobi masu taushi a jikin sanda, sama da ƙasa, su shanye bugun. Irinsu ne Zilent, da Gateron Silent Brown, da Boba U4, wanda ba shi da harafin T a ƙarshen sunansa.

Gani ya kori ji

In ka bi ta masu nuna waɗannan abubuwa a YouTube, kowa nasa ne sarki. Amma sautin da ake ji a bidiyo ya dogara ga makirufo da tebur da jikin allon, kuma ba wanda zai iya ɗanɗana maka abin da yatsanka zai ji. Saboda haka wata Asabar na hau jirgin Metro a tasharmu ta DIP, wadda aka buɗe a 2021, na yi tafiyar kusan awa guda zuwa BurJuman, na taka zuwa shagunan kwamfuta na Bur Dubai. A can na taɓa ja da shuɗi da ruwan ƙasa a jikin allunan da aka baje. Sauran da ban samu ba sai na yi odar ɗan allon gwaji ta intanet, ɗan faranti ne da aka jera makunnai daban-daban a kai, ɗaya-ɗaya.

Gwaji uku na yi musu. Na farko da sulalla. Sulen dirhami ɗaya nauyinsa giram shida da 'yan kai, sai na riƙa jera su a kan maɓalli har ya faɗa. Brown ya faɗa a wajen sule tara, masu babban tudu suka nemi ƙari. Da haka na san nauyin kowanne a ma'auni ɗaya, ba da faɗin kamfani ba.

Na biyu, da ƙaramin yatsa, bayan na taso daga aiki. Manuniya da safe komai sauƙi gare ta. Ɗan autan yatsu da ƙarfe tara na dare, shi ne alƙali na gaskiya. Ku tuna harafin a, wanda ya fi kowane harafi yawa a rubutun Hausa, ƙaramin yatsan hagu ne ke buga shi. Ku duba wannan jimlar kaɗai ku ƙirga. Makunnin da Bature zai ce masa daidai, mai rubuta Hausa yana iya jin sa da nauyi, domin mafi raunin yatsunsa ne ya fi kowanne aiki. A wannan gwaji Clear ya fita, haka duk wani mai nauyin da ya doshi 68.

Na uku, da kunnen maƙwabcina. A nan kowa "bai" ake ce masa, wato ɗan'uwa da harshen Hindi da Urdu. Na ce masa, bai, kwanta ka rufe ido, duk wanda ka ji ka ɗaga hannu. Muka bar na'urar sanyaya ɗaki a kunne kamar kullum, na shiga dannawa. Shuɗi, ya ɗaga hannu biyu yana dariya. Brown, ya ɗaga. U4T, ya ɗaga da sauri. Da na zo kan U4 na yi ta bugu, can sai ya buɗe ido ya ce yaushe zan fara.

Shi na ɗauka, Boba U4 mai giram 62. Allona maɓallai 87 gare shi, na sayi makunnai 90 saboda ko ƙafar wani za ta lanƙwashe wajen sakawa. Yana da nasa naƙasun. Saboda robobin nan, in maɓalli ya kai ƙasa sai ka ji kamar ka taka darduma, ba ka jin tsayawar nan mai kaifi da wasu ke so. Kuɗinsa ma ya fi na Gateron Brown nesa, ko da yake bai kai Zealios ba. Na yarda da wannan ciniki, domin barcin mutum ya fi ƙarfin ɗan daɗin da na rasa.

Wajen harhaɗawa

Allon da na saya irin wanda ake cusa makunni a zare ne da ɗan hantsaki, ba sai an liƙa da dalma kamar yadda masu gyaran rediyo ke yi ba. A duba ƙafafu kafin a saya: wani makunnin ƙafa 3 gare shi, wani 5. Biyun da suka ƙaru na roba ne, in allonka ba shi da raminsu ana iya datse su da abin yanke farce. Masu shafa wa makunni mai, irin su Krytox da Tribosys, suna da ƙa'ida ɗaya game da mai tudu: kada mai ya taɓa ƙafafun sanda, in ba haka ba tudun ya kwanta, ka biya kuɗin mai tudu ka tashi da mai santsi. Dogayen maɓallai kuma, musamman na ba da tazara, suna da wata 'yar waya a ƙarƙashi mai daidaita su. Ita ce ke kwaramniya ko da makunnai shiru suke, kuma ita ta fi buƙatar man.

Wani abin da ya faranta mini rai shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. Allon yana aiki da wata manhaja mai suna QMK, wadda ke ba ka dama ka koya wa kowane maɓalli abin da kake so. Da taimakon wata 'yar manhaja a kwamfutar, na shirya shi yadda in na riƙe maɓalli ɗaya na buga k sai ƙ ta fito, haka ɗ da ɓ. Baba bai taɓa rubuta ƙasa a matsayin kasa ba, ko ɗaki a matsayin daki, don haka ba a hannuna za a fara yi masa ba.

Shawarata ga Auta

Kada ka ce sai irin nawa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma naka ɗakin daban ne. Shagonka janareta na ruri, firinta na aiki, ɗalibai na surutu, ba wanda ƙarar maɓalli za ta dama. Kuɗin da za ka ƙara don marar ƙara, asara ce. Mai tudu na talaka, irin su Gateron Brown, ya ishe ka. Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne ƙura. Mu a nan yashi ke shigo mana, ku kuma hunturu. Kailh suna da wani iri da suke kira Box, wanda aka killace ƙarafansa a cikin ɗan akwati don kada ƙura ta kai gare su, kuma akwai mai tudu a cikinsu, Box Brown. Ka nemi allo cikakke mai ɓangaren alƙaluma a dama, tunda kana buga jadawalai, kuma ya zama irin wanda ake zare makunni. Ranar da harafi ɗaya ya mutu, shi kaɗai za ka canja, ba allon duka ba. In kuma allon da kake da shi yanzu bai sa maka ciwo ba, bai cinye maka haruffa ba, to ka ci gaba da abinka, ka adana kuɗinka.

Zan ba wani daga cikin 'yan kasuwarmu masu komawa Kano allon gwajin nan ya kawo maka. Ka ajiye shi mako guda, ka riƙa dannawa da yamma bayan ka gaji, da ƙaramin yatsan hagu. Wanda yatsan ya amince da shi, ka gaya mini sunansa in sayo.

Game da aikin Baba kuwa, alhamdu lillahi na kammala littafi na farko, ina tsakiyar na biyu, daidai inda yake ba da labarin tafiyarsa ta farko zuwa Agadas. Yanzu nakan yi awa biyu kowane dare, yatsu ba sa tsami kamar da, maƙwabcina kuma yana ta minsharinsa. Ina roƙon duk wanda ke da tsohon hoton Baba ko wata wasiƙa da ya rubuta, ya kai wa Yaya Babba ta ɗauka a waya ta turo mini, don a haɗa a wuri ɗaya. A karanta wa Hajiya wannan sashe na ƙarshe, sauran bayanin sifirin da sulalla a bar mata shi. Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa, mu kuma Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Naku,
Ɗan'uwanku da ke DIP, Dubai.